Garkuwar da aka haife mu da ita: tambayoyi da amsoshi kan yadda jiki ke tare ƙwayoyin cuta

Tambayoyin nan ba a rana ɗaya suka taru ba. Wasu a fada aka yi mini su ana jiran shayi na biyu ya nuna, wasu a wurin awon jarirai, wasu kuma ta waya daga ƴan'uwa da ke can Abijan wurin bida. Sun fi yawa a lokuta biyu: in hunturu ya sauko mana da ƙura a nan Tawa, da in damina ta kankama masassara ta fara kwantar da yara. Duka sun shafi garkuwar da ake haihuwar mutum da ita, wadda ba allura ce ta ba shi ba.

Kullum ana ce mana ƙwayoyin cuta suna ko'ina. To me ya sa ba kullum muke kwance ba?

Da gaske suna ko'ina: a hannu, a canjin da aka miƙo maka a kasuwa, a ruwan randa, a iskar ɗaki. Mafi yawansu ba sa samun ƙofar shiga, waɗanda suka shiga kuma ana gamawa da su cikin mintuna ko awoyi, mai jiki bai ma sani ba.

Masana sun raba garkuwar jiki gida biyu. Ta farko ita ce ta haihuwa: fata, majina, hawaye, ruwan ciki mai tsami, da wasu fararen ƙwayoyin jini da ke afka wa baƙo ba tare da sun tambayi sunansa ba. Ta biyu ana koyonta ne. Takan yi nazarin ƙwayar cuta ɗaya, ta ƙera mata makami nata, ta riƙe kamanninta shekara da shekaru, kuma ita allurar rigakafi ke horarwa. Sai dai tana da nawa. In ta haɗu da baƙo karon farko, takan yi kwana 4 zuwa 7, ko fiye, kafin ta shirya.

Ga lissafi. Akwai bakteriyar da in ta sami wuri mai daɗi take rabuwa biyu duk minti 20. Guda ɗaya da asuba, kafin a kira azahar ta haura miliyan 2. Wannan satin da ta biyu ke shiri, garkuwar haihuwa ce ke riƙe da gari.

Fata kuma, ban da rufe tsoka, wane aiki take yi?

Ita ce ganuwa. Saman fatar da muke taɓawa matattun ƙwayoyin halitta ne da aka jera kamar tubali, busassu, ba abin da ƙwayar cuta za ta ci a cikinsu. Kullum suna kakkaɓewa suna tafiya da abin da ya manne musu, cikin wata guda ko makamancin haka an sake sabon shafi. Gumi yana da gishiri, maiƙon fata yana da ɗan tsami, kuma dukansu ba sa yi wa miyagun bakteriya daɗi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana da yawa a ƙasarmu: faso a dunduniya lokacin ɗari, kaushi, leɓen da ya fashe, susar ƙazuwa, cizon sauron da yaro ya sosa har ya yi jini. Man kaɗen da kakanninmu ke mulka wa yara da hunturu yaɓe ne suke yi wa bango, ko sun san sunan abin ko ba su sani ba. Mai ciwon suga kuwa ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare. Suga in ya yi yawa yana rage jin zafi a ƙafa, yana kuma sa wa fararen ƙwayoyin jini kasala, sai ƙaramar ƙaya ta zama gyambo.

Yayata tana shafa man ƙara haske, yanzu ƙuraje da makero ba sa rabuwa da ita. Akwai alaƙa?

Akwai, ƙanwata. Da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da magani mai ƙarfi na dangin kortizon, irin su kulobetazol. Aikinsa na asali shi ne kwantar da garkuwar jiki in ta yi tashin hankali, na ɗan lokaci, a ƙarƙashin idon lokotoro. In aka mayar da shi man kullum, fata takan yi shara-shara har jijiyoyi su bayyana, masu gadinta su yi barci, rauni ya daɗe bai warke ba. Haka ƙwayoyin deksa, wato deksametazon, da wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Dangi ɗaya ne, sai dai su jiki duka suke kwance wa ɗamara. Abin yana ci mini rai, domin garin neman gira ake rasa ido. Wadda ta daɗe tana shan deksa kada ta yanke shi rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ta je likita a rage mata sannu a hankali.

Inna ta dage sai an kai jaririna wurin wanzami an cire masa belu. Me zan ce mata?

Ka yi mata magana da ladabi, domin tsoron amai da rama ne ya sa ta faɗa. Amma belu halitta ce ta kowa, ba ya hana tsotso, ba ya jawo amai ko gudawa. Yanka shi buɗe ƙofa ne a wurin da bakteriya suka yi yawa, a jikin wanda masu gadinsa ba su yi ƙwari ba. Abin da kan biyo baya an san shi: zubar jini, ƙin kama nono saboda zafi, ruɓar wurin, tetanos, da ciwon hanta in aska ɗaya ta zaga jarirai da yawa. Cibiya ma haka take. Kada a sa mata toka, ƙasa ko man goge haƙora. A bar ta a bushe da tsabta, ko a shafa kulorekzidin in an ba da shi a ɗakin haihuwa.

Me ya sa sanƙarau ba ya tashi sai da hunturu da bazara?

Wannan tambayar ta kai mu cikin hanci. Babban mutum yana shaƙar iska kusan lita 10,000 a rana, da duk abin da ke cikinta. Gashin hanci yana tace manyan tarkace. Sauran suna mannewa a majina, wadda ke shimfiɗe tun daga hanci har cikin huhu. A ƙarƙashinta akwai wasu ƴan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, duk gefe guda, kamar mata sun jeru suna sharar tsakar gida. Suna turo majinar zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu sani ba, ciki ya ƙone abin da ta kwaso.

Wannan shara tana son laima. Daga Disamba, in iskar gabas ta busar da komai, hazo ya rufe duwatsun Adar, majina takan yi kauri ta bushe, fatar cikin hanci ta tsattsage. Lokacin ne ake ganin yara suna haɓo. Ƙura ta gurje wurin, mura ta zo ta ƙara, ga cunkoso a ɗaki ɗaya an toshe taga saboda ɗari. Ita kuwa ƙwayar sanƙarau ba daga nesa take zuwa ba. Kusan mutum 1 cikin 10 yana ɗauke da ita a bayan hancinsa lafiya lau, yana yawo, yana cinikinsa. Ranar da bangon ya tsage ne take faɗawa cikin jini, ta haye zuwa rigar ƙwaƙwalwa. Da ɗan gari akan ci gari. In ruwan sama ya sauka iska ta yi laima, annobar takan lafa.

Wani lokotoron sojan Faransa, Lapesoni, shi ya zana yankin da sanƙarau ya fi addaba a 1963, zirin da ya taso daga Senegal har Habasha, mu kuma muna tsakiyarsa. A 1996 cutar ta kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 a Burkina Faso, Mali da Nijar ta karya lagon nau'in A na ƙwayar sanƙarau, amma a 2015 nau'in C ya taso, ya fi tsanani a Yamai, ya kama sama da mutum 8,000, fiye da 500 suka riga mu gidan gaskiya. Cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai ita ke tantance nau'in da ke yawo, don a san allurar da za a yi.

Amawalin da Abzinawa ke ja a kan hanci yana da dalili, kuma ranar ƙura takunkumi yana yin aikinsa. Hayaƙin taba, na shisha da na itacen girki a rufaffen ɗaki suna sa waɗancan ƴan gashi sanyin jiki. Duk wannan taimako ne, ba ya tsaya wa allura. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba a jira gari ya waye.

Majinar yarona ta koma kore. Lokacin kafso ya yi ke nan?

Launi kaɗai ba hujja ba ne. Koren nan daga wani sinadari yake da ke cikin fararen ƙwayoyin jinin da suka zo faɗa, kuma suna zuwa ko da birus ne ya kawo murar, wata irin ƙwayar cuta ce daban da bakteriya, wadda kafso, maganin kashe bakteriya, ba ya taɓawa. Abin dubawa shi ne numfashi da sauri, ƙirji yana lotsawa, ciwon kunne, ko ciwon ya wuce kwana 10 ba sauƙi.

Majina kanta tana da makami. A ƙarshen 1921, a Landan, Alekzanda Filemin yana fama da mura, ya ɗiga majinarsa a farantin da yake renon bakteriya, sai ya ga na kusa da ɗigon sun narke. Sinadarin da ya gano shi ne lizozim, mai fasa ɓawon bakteriya, kuma yana cikin hawaye, yawu da nonon uwa. Wannan kafin ya gano penisilin ne a 1928. Amma kada a ce tun da yawu yana da magani a tofa wa rauni, baki cike yake da nasa bakteriyar.

Mun ci abinci kwano ɗaya, ni gudawa ta kama ni, abokina ko gezau. Yaya aka yi?

Ɗaya daga cikin dalilan yana cikin tumbi. Ruwan ciki yana da tsami mai ƙarfi da ke kashe yawancin abin da muka haɗiya. Ƙwayar kwalara, alal misali, ba ta jure tsami, sai mutum ya haɗiye ta da ɗimbin yawa kafin wasu su tsira zuwa hanji. Wanda tsamin cikinsa ya ragu, kaɗan ta ishe shi: tsoho, yaro mai tamowa, mai shan omefirazol, maganin rage tsamin ciki, wata da watanni ba tare da an duba shi ba, ko wanda ya mayar da jiƙon kanwa ruwan sha. A lokacin annoba irin ta 2021, da ta ratsa jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram, ba a dogara da tumbi. A tafasa ruwa ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa, a wanke hannu da sabulu.

An ce akwai bakteriya masu amfani. Da gaske ne?

Yawansu a jikinmu ya kai na ƙwayoyin halittarmu na kanmu, kuma galibi a babban hanji suke. Sun cinye abincin wurin, sun mamaye mazauni, wasu har guba suke fesa wa baƙi. Wanda ya zo daga waje sai ya tarar kasuwa ta cika ba rumfa. Kafson da ake saye a tiren mai talla, guda biyu yau guda ɗaya jibi, waɗannan masu amfanin yake fara sharewa, ya bar fili ga masu taurin kai.

Wannan ya shafi mata ƙwarai. Gaban mace yana da nasa ƴan gidan, masu fitar da tsamin da ke hana wasu zama. Wanke ciki da sabulu ko ruwan magani, da cushe-cushen matsi, suna korarsu, daga nan ƙaiƙayi da ruwa mai wari su biyo baya, a ce ciwon sanyi ne, a ƙara wanki. Ruwa a waje ya wadatar.

In ƙaya ta soke ni, me ke faruwa har wurin ya kumbura ya yi mugunya?

A ce ƙayar aduwa ce ta shige ka a gona. Ta shigo da bakteriya, ta kuma fasa ƙwayoyin halittar wurin. A ƙarƙashin fata akwai masu gadi da ke zaune dindindin, ana kiransu makurofaj, ma'ana manyan maciya. Suna fara haɗiye baƙin, suna kuma sakin wasu sinadarai da suke kamar kururuwar neman gudummawa. Ƙananan hanyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya ƙaru, wurin ya yi ɗumi. Bangonsu ya saki, ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura. Zafin da kake ji kuma shi ke hana ka taka ƙafar. Littattafai suna lissafa ja a cikin alamomin, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, wurin yakan yi duhu ne da sheƙi. A taɓa da bayan hannu, ɗumin ya fi gaskiya.

Ruwan da ya tsattsafo yana ɗauke da wasu furotin fiye da 30, yawancinsu hanta ke yi, ana kiransu komfilimen. Wasu su shafa wa bakteriya alama don maciya su gane ta, wasu su haɗu su huda mata rami ta fashe. Waɗanda aka haifa ba su da masu hudar nan sanƙarau yakan kama su fiye da sau ɗaya.

Cikin ƴan awoyi sai rundunar niyutirofil ta iso. Su ne suka fi yawa a fararen ƙwayoyin jini, fiye da rabi, kuma ɓargo yana haifar kimanin miliyan dubu 100 nasu kowace rana, domin ba sa daɗewa. Suna haɗiye bakteriya su zuba mata guba, ciki har da sinadari irin na ruwan jabel da ake wanke tufafi da shi. Suna mutuwa a wurin. Mugunya gawarwakinsu ce, haɗe da ta abokan gaba.

Ƙaya ce ma ta tona wannan asiri. A 1882, a Mesina ta Italiya, wani masani daga Rasha, Iliya Mecinikof, ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda ake hango cikinta garau. Da safe ya tarar wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Ya karɓi kyautar Nobel a 1908.

Maruru a fuska, musamman tsakanin hanci da leɓe, kada a matse shi.

Ta yaya suke bambance baƙo da ɗan gida alhali ba su da ido?

Da tsaga, kamar yadda tsofaffi ke duban kumatu su faɗi asalin mutum. Ƙwayoyin cuta suna da abubuwan da ba za su iya rayuwa ba sai da su, kuma babu irinsu a jikin ɗan Adam: wani maiƙo a ɓawon bakteriya, furotin ɗin wutsiyar da take iyo da ita, salon ƙwayar gadon birus. Masu gadinmu suna da abin lalube da ya dace da waɗannan. A 1996 Zul Hofman da abokan aikinsa a Faransa suka ga cewa ƙudan da aka lalata wa wani abin lalube mai suna Tol, fumfuna ke cinye shi. Bayan shekara 2 Burus Boitla a Amurka ya gano danginsa a ɓera, kuma su biyun suna cikin waɗanda suka sami Nobel a 2011. Mutum yana da iri 10. Kaɗan ne, amma kowanne yana gane dangi guda ne sukutum, ba mutum ɗaya ba.

Birus fa, da ke ɓuya cikin ƙwayoyin halittarmu?

Ƙwayar da birus ya shiga takan saki intaferon, wanda aka gano a 1957. Saƙo ne ga maƙwabta cewa ɓarawo ya shigo unguwa, kowa ya kulle ƙofa, sai su rage ayyukan da birus ke hawa ya hayayyafa. Akwai kuma wasu fararen ƙwayoyi masu sintiri da ke neman shaidar zama ɗan gida a jikin kowace ƙwaya, wadda ta rasa su kashe ta da abin da ke cikinta. Ciwon gaɓoɓi, kasala da rashin son abinci na kwanakin farko na mura, yawancinsu aikin waɗannan saƙonni ne. Jiki ne ke kwantar da kai da gangan.

Zazzaɓi ciwo ne ko magani?

Jiki ne ke hura shi da kansa. Saƙon maciya yana isa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai daidaita ɗumin jiki, ya ɗaga ma'auni daga digiri 37 zuwa 38 ko 39. Kafin jiki ya kai sabon ma'aunin sai mutum ya ji ɗari, ya yi makyarkyata yana neman bargo, ko da a watan Afrilu ne. A wannan ɗumi wasu ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa da kyau, masu gadi kuma suna ƙara sauri. Jiki har sinadarin ƙarfe yake ɓoyewa daga jini a lokacin, domin bakteriya suna buƙatarsa.

Amma a ƙasar sauro ba a zama ana yabon zazzaɓi. Shi ƙararrawa ce, ba ya faɗin wanda ya shigo. Masassarar cizon sauro tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, gwajinta na ɗigon jini kuwa minti 15 zuwa 20 ne. Farasetamol yana sauƙaƙa wa yaro ya sha nono ya yi barci, a ba shi daidai nauyinsa, amma ba ya kashe komai. Abin da na fi tsoro shi ne uwa ta ga jiki ya yi sanyi bayan farasetamol ta ɗauka an warke. Jaririn da bai kai wata 3 ba in ya yi zazzaɓi, ko yaro mai jijjiga, mai aman duk abin da ya sha, ko wanda ba a iya tada shi, likita kai tsaye. Maganin kariya daga masassarar cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, a tabbata an ba da na kwana ukun duka.

Surukata ta ce a matse dakashi a zubar, wai gurɓataccen nono ne.

Hajiya, a roƙe ta ta bari. Jariri yana fitowa ne hanjinsa bai gama rufuwa ba, ƴan gida ba su zauna ba tukuna. Dakashin nan mai kauri, ruwan ɗorawa, cike yake da fararen ƙwayoyin jinin uwa, da lizozim, da laktoferin mai ƙwace wa bakteriya sinadarin ƙarfe, da makaman da jikin uwa ya ƙera wa cututtukan gidan da za a rene shi. Yana shafe hanji kamar yadda ake daɓe rumbu kafin a zuba hatsi. Kaɗan ne, amma cikin jaririn ma a ranar farko ɗan mitsitsi ne. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ci gaba da nono zalla har wata 6. Ko a zafin Mayu ba ya buƙatar ruwa, kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne. Uwar ce za ta sha.

Su wa garkuwarsu ta fi rauni?

Yaro mai tamowa ne a gaba. Fatarsa tana saɓulewa, bangon hanjinsa ya lalace, tsamin ciki ya ragu, ɓargo ba shi da kayan aiki. Abin ban tsoro shi ne yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, wani ma sanyi yake yi, domin ba shi da ƙarfin hura wutar. Shi ya sa a cibiyoyin tamowa ake haɗa masa maganin kashe bakteriya na amoksisilin da abincin gyaɗar nan, ko ba a ga alamar ciwo ba.

Sai mai emasi, wato amosanin jini. Saifa ita ce matatar da maciya ke zaune suna tsamo bakteriya daga jini, musamman masu sanye da riga mai santsi irin na ciwon huhu da sanƙarau. A emasi gurɓatattun jajayen ƙwayoyi suna toshe saifa har ta daina aiki tun yaro bai kai shekara 5 ba. Saboda haka ake ba su penisilin kullum, ake cika musu allurai, kuma zazzaɓinsu ba na jira ba ne. Akwai cibiya ta ƙasa a Yamai da aka keɓe wa wannan cuta. A bayansu akwai bakwaini, tsofaffi, masu ciwon suga, masu sida da ba sa shan magani, da yaron da ya tashi daga ƙyanda.

Garkuwar tana iya cutar da mai ita?

Ƙwarai. Abin da ya faru a wurin ƙaya alheri ne saboda a wuri ɗaya ya tsaya. In ƙwayar cuta ta bazu, kururuwar ta tashi ko'ina lokaci guda, hanyoyin jini duka su buɗe, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa su rasa rabonsu. Ana kiran wannan sefsis. An ƙiyasta cewa a 2017 ya kashe mutum miliyan 11 a duniya, kusan mutuwa 1 cikin 5. Alamominsa: numfashi da sauri, ruɗewa ko sambatu, fitsari ya ɗauke, hannu da ƙafa su yi sanyi, jariri ya daina tsotso. Mai jego da ta yi zazzaɓi da ciwon mara da jini mai wari tana kan wannan hanya. Kada a ce ruwan wankan jego ne bai yi zafi ba.

Akwai maganin ƙara ƙarfin garkuwa? Ana tallarsa a WhatsApp.

Ni dai ba zan ba da kuɗina ba. Garkuwar da ta wuce kima ita muka gama bayani yanzu. Abin da take so shi ne kayan aiki, kuma suna kasuwar Tawa: wake, gyaɗa, ƙwai, hanta, nono, kifin Tabalak, zogale, kuka, kabewa, mangwaro in lokacinsa ya yi. Bitamin A ne ke riƙe da fatar cikin hanci, ido da hanji, shi ya sa ake ɗiga wa yara ƴan wata 6 zuwa 59 shi duk bayan wata 6. Yaro mai gudawa a haɗa masa zinki na kwana 10 zuwa 14 da ruwan gishiri da suga. Sai barci, wanda samarin fada ke rainawa. Albasar Galmi da tafarnuwa abinci ne mai kyau, a ci a ƙoshi, amma ba sa warkar da sanƙarau.

In garkuwar haihuwa tana da wannan ƙarfi, me ya kawo allurar rigakafi? Ga hannun ɗiyata ma ya yi ƙurji bayan allurar da aka yi mata da haihuwa.

Domin wasu ƙwayoyin sun san makwancinta. Ta sanƙarau tana sa riga mai santsi, hannun maciya ya riƙa zamewa. Ta tarin fuka ta fi wayo: takan bari a haɗiye ta, ta hana a narkar da ita, ta zauna cikin mai gadin shekaru tana jiran ranar da yunwa ko sida za su raunana shi. Irin waɗannan sai da garkuwa ta biyu. Kuma ta farko ce ke kai mata labari. Wasu masu gadi suna ɗaukar guntun baƙon su kai shi kaluluwa, can ake zaɓen waɗanda za su koyi yaƙarsa. Kaluluwar da ke fitowa a hantsa in ƙafa ta yi rauni, wannan zaman ne ake yi.

Ƙurjin ɗiyarki kuwa na allurar BCG ne, wadda aka fara yi wa mutane a 1921, kuma tana kare yara daga munanan nau'o'in tarin fuka. Haka take yi: bayan sati 2 zuwa 3 ɗan ƙurji ya fito, ya fashe ya ɗan yi ruwa, ya bushe cikin wata 2 zuwa 3, ya bar tabon da yawancinmu ke da shi a hannu. Kada ki matse, kada ki shafa masa komai. Ki wanke da ruwa mai tsabta ki bar iska ta sha shi. In kaluluwar hammata ta yi girma sosai ko ta fara ruwa, ki kai ta wurin awo a duba, ki tafi da katinta.